Na goge aikin abokin aikina a GitHub, kuma ban faɗa wa kowa ba

Assalamu alaikum Yaya. Ina hidimar ƙasa a Kaduna, a gefe kuma mu huɗu muna haɗa wa wata makarantar kuɗi manhajar karɓar kuɗin zango. Da can a WhatsApp muke tura wa juna aiki, kowa ya dunƙule fayilolinsa ya aika. Watan jiya babbanmu ya ce daga yanzu GitHub za a koma, wato shafin da masu rubuta manhaja ke tara aikinsu wuri ɗaya. Kowa ya ce to, ni ma na ce to, alhali a jami'a sunan Git kawai na ji. Shekaranjiya da dare na gama gyaran shafin shiga, na buga git push, ya ƙi, ya zubo mini dogon turanci. Na kwafa na bincika a intanet, na ga wani ya ce a ƙara --force. Na ƙara, ya wuce. Da safe da na duba, aikin rasit da abokin aikina ya kwana biyu yana yi ya ɓace ɓat. Ya tafi biki garinsu, bai lura ba tukuna. Ni kaɗai ce mace a cikinsu, kuma da ma ina jin kamar alfarma aka yi mini aka saka ni. Ina tunanin in ce aiki ya yi mini yawa, in janye kafin asiri ya tonu. Me zan yi?

Ƙanwarka a Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Kwantar da hankalinki tukuna: aikin rasit ɗin nan yana nan. Tunda har ya taɓa hawa GitHub, to daga kwamfutar abokin aikinki ya hau, kuma har yanzu yana cikinta, kowane layi. Abin da kika share kwafin da ke kan GitHub ne kawai. Mayar da shi ba zai ci minti goma ba, amma da sharaɗi ɗaya: ya san abin da ya faru kafin ya taɓa kwamfutarsa. Idan ya dawo daga biki ya ga abubuwa sun hargitse, ya yi abin da sababbin shiga suka saba yi, wato ya goge folda ya sake sauko da sabuwa daga GitHub, a nan ne aikin zai shiga hatsarin gaske. Saboda haka shirun da kike yi yanzu ya fi --force ɗin da kika buga hatsari. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ki kira shi yau, ko ana tsakiyar kamu ne.

Ba sai kin yi dogon bayani ko kuka ba. Ki ce masa: Malam, na yi kuskure, na tura aikina da --force a kan main, babban reshen aikinmu, ya danne naka na rasit a GitHub. Naka yana nan a kwamfutarka, don Allah kada ka goge foldar, kada ka yi reset, idan ka dawo mu zauna mu mayar da shi. Shi ke nan. Daga nan ki tura wa babbanku irin wannan saƙon, don ya ji daga bakinki.

Ga abin da za ku yi idan kun zauna. A kwamfutarsa, ya fara buga git branch ajiya, wanda zai kafa wa aikinsa alama yadda yake a yanzu, ko me ya faru daga baya ana iya komowa nan. Sai git fetch, ya sauko da abin da ke GitHub ba tare da ya taɓa fayilolinsa ba. Sai git merge origin/main (origin/main shi ne main ɗin da ya sauko daga GitHub), wanda zai haɗe gyaranki na shafin shiga da nasa na rasit. Sai git push na yau da kullum, babu wani tilas a ciki. Abu ɗaya zan ja muku kunne a kai: kada ya yi amfani da git pull --rebase a wannan yanayin, domin Git na iya ɗauka cewa da gangan aka cire aikinsa daga sama, ya bar shi a baya.

Yanzu bari in nuna miki dalilin da ya sa aikin bai mutu ba, domin idan kika gane wannan, rabin tsoron Git ya tafi.

Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlan da ya fara Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, shi ya rubuta Git a watan Afrilun 2005, bayan masu aikin Linux sun rasa damar amfani da wata manhaja mai suna BitKeeper kyauta. Mutanen da ke rubuta Linux a warwatse suke a faɗin duniya, yawancinsu ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. Tsare-tsaren da aka saba da su kafin nan, irin su CVS da Subversion, a kwamfuta ɗaya ta tsakiya suke ajiye tarihin aiki, kowa sai ya je can. Shi kuwa Git sai ya ba kowa tarihin gaba ɗaya. Ranar da kika buga git clone, ba fayilolin yau kaɗai kika sauko da su ba, har da duk wani gyara da aka taɓa yi tun ranar farko, suna cikin wata ɓoyayyar folda mai suna .git a kwamfutarki. Ku huɗu, kwafi huɗu, GitHub na biyar.

Kuma ki raba biyun nan a ranki: Git daban, GitHub daban. Git manhaja ce da ke zaune a kwamfutarki. GitHub kamfani ne da aka buɗe a 2008, Microsoft ta saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5, aikinsa shi ne ya zama mahaɗar da kowa zai ajiye ya ɗauka. Akwai irinsa, GitLab da Bitbucket. Amfanin wannan rabuwa a ƙasarmu a fili yake: ko an ɗauke wuta a unguwa, ko data ta ƙare, kina iya ajiye komit, wato gyaran da aka adana a tarihi, ki duba tarihi, ki buɗe reshe, wato layin aiki na gefe, ki haɗe. Saukowa da turawa ne kaɗai ke neman intanet.

To me ya sa ya ƙi miki a daren nan? Bayan kin sauko da aikin, abokinki ya tura nasa. GitHub ya yi gaba, naki tarihin ya tsaya a baya, kika ɗora gyara a kan tsohon. Da kika zo turawa, Git ya ga idan ya karɓa aikin wani zai bi ruwa, sai ya tsaya. Dogon turancin da ya zubo miki, abin da yake cewa shi ne: akwai aiki a sama da ba ki da shi, sauko da shi tukuna. Har umarnin ya rubuta miki a ciki, git pull. Ita kuwa --force ma'anarta ita ce na ji, na gani, a zubar da nasu a ɗora nawa. Wanda ya ba ki shawarar a intanet wataƙila da mai aiki shi kaɗai yake magana, wanda babu aikin kowa a ƙarƙashinsa. Daga yau ki riƙe wannan: duk umarnin da kika ga --force ko --hard a jikinsa, kada ki buga sai kin iya faɗa da Hausa abin da zai yi. Haka kuma ki koyi karanta saƙon kuskure har ƙarshe. Git ba shi da ladabin magana, amma sau da yawa mafita tana cikin layuka biyun ƙarshe.

Kada ki ɗauki laifin duka ki ɗora wa kanki. Babbanku ya kwashe mutane uku daga WhatsApp ya jefa su GitHub ba tare da ya zaunar da su na awa ɗaya ba, ya kuma bar main a buɗe, kowa na iya danne shi. Ana iya kulle reshe ta yadda ba zai karɓi turawar tilas ba. A GitLab haka babban reshe yake zuwa a kulle tun farko. A GitHub kuwa sai an kunna, kuma idan ma'ajiyar, wato wurin da aikinku ke zaune a GitHub, ta sirri ce sai asusu na biya. Ba na ce ki je ki karanta masa laifinsa ba. Bayan ƙura ta lafa, ki kawo shi a matsayin shawara: mu kulle main don kada wani ya sake faɗawa inda na faɗa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma shugaba mai hankali zai gode miki.

Sai kuma koyon kansa. Umarnin Git sun haura ɗari, amma waɗanda za ki rayu da su ba su wuce goma ba. Abin da ya fi haddace su muhimmanci shi ne ki san inda aikinki yake a kowane lokaci, domin wurare huɗu ne. Akwai fayilolin da kike gyarawa. Idan kika buga git add, kin ware waɗanda kike son ajiyewa. Idan kika buga git commit, sun shiga tarihin da ke kwamfutarki, ke kaɗai kike ganinsu. Sai kin buga git push sannan sauran za su gani. Yawancin rikicin sababbi daga nan yake: mutum ya yi komit ya ɗauka ya tura, ko ya gyara fayil ya manta bai yi add ba, ya yi ta rantsuwa cewa ya aika. Maganin shi ne git status. Ba ya canza komai, gaya miki kawai yake inda kike. Ki buga shi kafin kowane mataki da bayansa har sai yatsunki sun saba. Ƙannensa biyu su ne git diff, mai nuna layukan da kika canza, da git log, mai nuna wa ya yi me kuma yaushe.

Littafin mai shago shi ne misalin da ya fi kusa. Idan yaron shago ya rubuta bashin buhu uku alhali biyu aka ɗauka, ba ya yage shafin; yana sauka ƙasa ne ya rubuta gyara da kwanan wata, don gobe idan gardama ta tashi a ga yadda aka yi. A Git, git revert shi ne rubuta gyaran a ƙasa: yana ƙirƙirar sabon komit da ke warware tsohon, tarihi kuma yana nan daram. Abin da kika yi yage shafi ne. Duk abin da ya riga ya hau sama wasu suka gani, da revert ake gyara shi.

Babban abin da zai raba ki da irin wannan dare shi ne ki daina aiki a kan main. Da safe ki koma main ki buga git pull. Sai git switch -c gyaran-shafin-shiga, kin buɗe reshenki ke nan. A nan ki yi duk ɓarnar da kike so, babu wanda za ta shafa. Idan kin gama, ki tura reshen, ki buɗe pull request a GitHub, wato ki nemi wani ya duba kafin a haɗe da main. Na san abin da ranki ke faɗa: yanzu kowa zai ga kodina ya san ban iya ba. Za su gani, haka ne. Amma gara a ga kuskuren a layi ashirin ranar Talata da a gan shi ranar da iyayen yara suka yi layi a ofishin basa, rasit ya ƙi fita. Kuma ke ma ki riƙa duba nasu. Karanta gyaran wanda ya fi ki, layi bayan layi, ya fi yawancin bidiyon koyarwa amfani, ga shi ba ya cin data.

Ki yi komit ƙanana, ki yi su da yawa. Wanda ya zo daga al'adar tura dunƙulen fayil a WhatsApp yakan ɓoye aikinsa mako guda sai ya yi kyau, sannan ya sauke shi gaba ɗaya. A Git wannan ɗabi'ar ita ke haifar da karo mai muni, domin kowace rana da kika yi ba ki sauko da na sauran ba, tazararku ƙaruwa take. Gyara ɗaya, komit ɗaya, da saƙon da ke faɗin abin da aka yi. Idan tarihinku ya cika da "update", "gyara", "gyara kuma", "na ƙarshe", to kun dawo da WhatsApp cikin GitHub ne. Ki rubuta irin "Hana shiga idan lambar ɗalibi babu komai". Da Hausa ko da turanci, duk wanda kuka yarda da shi, in dai wanda zai karanta bayan wata shida zai gane. Sau da yawa ma ke ce mai karantawar.

Karo kuwa dole za ki gamu da shi, wataƙila ma a zaman da za ku yi da abokinki, don haka gara ki san fuskarsa. Idan kun gyara fayiloli daban, ko wurare daban a fayil ɗaya, Git zai haɗe da kansa ba tare da ya tambaye ki ba. Sai idan kun taɓa layi ɗaya ne zai tsaya. A ce shi ya canza rubutun wani maɓalli, ke ma kin canza. Idan kika buɗe fayil ɗin za ki tarar da wannan:

<<<<<<< HEAD
Biya kuɗin zango
=======
Biya yanzu
>>>>>>> origin/main

Na saman layin tsakiya shi ne na kwamfutar da ake kai, na ƙasa shi ne wanda ya zo daga waje. Babu abin da ya lalace. Git yana cewa ne ku biyu kun yi magana, ban san wa zan bi ba. Ku zaɓi ɗaya ko ku rubuta na uku, ku goge layukan alamar guda uku, ku yi add, ku yi komit. Idan kan ya ɗaure, git merge --abort zai mayar da komai yadda yake kafin a fara. VS Code, manhajar rubuta kod, ma yana sa maɓallan zaɓi a saman wurin, amma ki warware biyu ko uku da hannu tukuna don ki san abin da maɓallan ke yi. Kuma idan karon ya shafi lissafin kuɗi, kada ki zaɓa ke kaɗai, ki kira mai layin.

Akwai wani umarni da nake so ki sani ko ba ki taɓa buƙatarsa ba: git reflog. Yana riƙe da jerin duk inda kika taka a kwamfutarki, har komit ɗin da kike ganin sun ɓata, kuma a tsarinsa na asali yakan riƙe su aƙalla kwana 30. Abin da aka yi wa komit da wuya ya salwanta. Abin da ba a yi wa ba kuwa, Git bai san da shi ba, ba zai iya ceto miki shi ba.

Tunda manhajar kuɗi kuke haɗawa, ga abin da ya fi goge aikin rasit tsada nesa ba kusa ba. Ko Paystack kuke amfani da shi wajen karɓar kuɗin, ko Flutterwave, ko Remita, akwai mabuɗin sirri da aka ba ku, ga kuma kalmar sirrin rumbun bayanai. Waɗannan ba sa shiga Git, ko ma'ajiyar ta sirri ce. Wurinsu fayil ɗin .env ne, shi kuma a rubuta sunansa a cikin .gitignore, jerin abubuwan da Git zai ƙyale, tare da irin su node_modules da ba su da amfanin turawa. Masu son buga git add . ba tare da duba status ba su ne suka fi faɗawa wannan ramin. Idan kuwa mabuɗi ya riga ya hau, goge shi a komit na gaba ba ya wadatarwa, domin kamar yadda na gaya miki tarihi ba ya mantuwa, kuma akwai masu sa na'ura tana kewaya ma'ajiyoyin da ke buɗe tana tsintar mabuɗai. Sai dai a soke shi a shafin kamfanin, a karɓi sabo. Ki duba wannan a ma'ajiyarku. Ƙungiyar da ba a koya wa Git ba, ban cika yarda cewa an koya mata wannan ba.

Maganar alfarma da kika yi ita ce ta fi tsaya mini a rai. Ke kika rubuta shafin shiga, ya yi aiki. Da safe ke kika lura aikin rasit ya ɓace, kika kuma gano cewa umarninki ne sila, alhali mai aikin ma bai sani ba. Wanda aka saka don alfarma ba ya kaiwa nan. Inda kika yi sake shi ne ranar da aka ce GitHub kika ce to. Ban ce kunyar ba ta da tushe ba. Mace ɗaya cikin maza uku takan ji kamar duk tambayar da ta yi za a rubuta ta a kan mata gaba ɗaya, kuma wani lokaci hakan na faruwa da gaske. Amma ki lura, sauran biyun ma "to" suka ce, kuma watan jiya su ma dunƙulen fayil suke aikawa. Zan yi mamaki idan dukansu sun san bambancin fetch da pull. Idan kika janye yanzu, gaskiya za ta fito duk da haka, domin GitHub yana nuna wanda ya tura me, kuma labarin da zai bi ki shi ne ta ɓata ta gudu. Kaduna ba ta da girma a wannan sana'ar. Idan kuwa kika kira, labarin zai zama ta ɓata, ta faɗa da kanta, an gyara kafin la'asar. Idan wani ya yi miki dariya, ki bar shi ya yi. Idan dariyar ta koma wulaƙanci mai maimaituwa, wannan wata wasiƙar ce, ki sake rubuto mini.

A ƙarshen makon nan ki ware awa biyu. Ki buɗe wata ma'ajiya ta wasa a GitHub wadda babu ruwan kowa da ita, ki sauko da ita sau biyu a folda biyu, ɗaya ki kira ta ni, ɗaya shi. Ki sa fayil ɗin rubutu guda, ko jerin cefane ne. Ki gyara a foldar shi ki tura, ki koma foldar ni ki gyara layin nan dai, ki gwada turawa. Saƙon daren nan zai sake fitowa. Wannan karon ki karanta shi a tsanake, ki yi pull, ki warware karon. Idan ya tambaye ki yadda kike son haɗewa, ki buga git pull --no-rebase. Bayan nan ki sake haddasa saɓanin, ki buga --force da gangan, ki ga aikin ya ɓace a GitHub, sannan ki koma foldar shi ki dawo da shi da matakan nan huɗu da na lissafa miki a sama. Idan zai yiwu ki yi wannan kafin abokin naki ya dawo, don ranar zaman ke za ki riƙa faɗa masa abin da zai buga.

Yayanki